Fuskar Ɗan Mai Busasshen Kifi

Duk wanda ya tashi a garin Mokpo na bakin teku kafin a rushe tsohon gidan siliman bakin kasuwa ya san hannun Pyo Man-bok, ko da bai san sunansa ba. Shi ne mai zana ƙaton allon da ake ɗorawa a goshin ginin idan sabon fim ya zo. A kawo masa ɗan hoto da bai wuce tafin hannu ba, ya ja masa layuka gida-gida, ya mayar da shi fuska mai tsayin mutum biyu. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, kuma warin fenti ya kama jikinsa tun yana saurayi, har matarsa Gil-ja kan ce ko a duhu aka jera mata mazan garin da hanci za ta tsinto nata. Ba shi da yawan magana. Da ma Gil-ja ta ɗauke masa wannan nauyin, ta yi tata ta yi tasa.

A kusurwar rumfarsa akwai wani tsohon madubi jingine da bango. Idan ya gama fuska sai ya juya mata baya ya dube ta a ciki, domin kuskuren da ido ya saba da shi a madubi yake tona kansa.

Fuskoki da yawa sun bi ta hannunsa, amma ɗaya ce ta hana shi sakat, fuskar Chu Gi-nam.

Ranar da ya fara ganinsa, Gi-nam ba kowa ba ne. Matuƙin kwalekwale ya fito a wani fim, ko kalma ba a ba shi ba. Man-bok na tsaye a can baya, inda ma'aikatan gidan kan tsaya su yi kallo, da dafaffen ƙwai a hannunsa. Aka zo wurin da matuƙin ya ƙetarar da matar da yake so zuwa gidan wani. Ta sauka, ta tafi. Shi kuwa yana riƙe da gorar tuƙi, bai motsa gira ba, bai motsa leɓe ba, amma duk wanda ke ɗakin ya ga wani abu ya rushe a cikin mutumin nan. Har aka kunna fitila ƙwan yana hannun Man-bok bai ɓare ba.

Daga nan Gi-nam ya yi ta hawa. Ya fito sarkin da ya kulle ɗansa, ya fito mahauci, ya fito sojan da ya gudo daga bakin daga ya ɓuya a rumbun surukinsa. Sauran 'yan wasa, in ka zana su sau biyu hannunka ya haddace su, ko kana gyangyaɗi za ka fitar da su. Shi kuwa kowane zuwa sai an fara daga farko. Man-bok ya sha ɗauko tsofaffin hotuna ya gwada da sababbi. Tazarar idanu ɗaya, tsayin hanci ɗaya, amma sai ka rantse an canza masa ƙashin fuska. Sarkin nan, ko a takarda ba ka iya haɗa ido da shi. Mahaucin kuwa, kana kallonsa kana jin ƙarnin mayanka. Man-bok kan zauna da hotunan a cinyarsa yana tambayar kansa mutum nawa ne ke zaune cikin fata ɗaya.

Sannan ga tsohuwa mai busasshen kifi.

Ranar da aka ɗaga allon sarkin ta fara zuwa, da kwando a ka, babbar 'yarta Mal-sun na biye da sauran kaya. Ta tsaya a gindin tsani, ta kare ido da hannu, ta daɗe tana kallo.

"Kai mai fenti, wane ne wannan?"

"Chu Gi-nam ke nan, Inna. Babban ɗan wasa ne."

"Ni za ka gaya wa? Ni na haife shi, a kan tabarmar da nake shanya kifi." Ta sake ɗaga kai. "Ka iya fenti, ban hana ka ba. Amma wannan ba ɗana ba ne."

Man-bok ya sauko da sauri ya rusuna, ya nuna mata hoton da aka aiko daga Seoul, babban birnin ƙasar, ya ce ta duba ko ya rage wani abu. Ko kallon hoton ba ta yi ba. Ta zaro kifi ɗaya daga kwandon, babba, wanda aka keɓe daban.

"An ce mini ɗana yana nan, shi na kawo wa. Tunda ba shi ba ne, ungo, kai ka ci."

Daga Mal-sun ya ji sauran labarin. 'Ya'ya maza biyu tsohuwar ta binne kafin Gi-nam, don haka da ya zo sai ta laƙaba masa Kashin Kare, don kada mutuwa ta yi sha'awarsa. Da wannan sunan ya yi rarrafe, da shi ya tsallake zuwa Seoul. Silima kuwa ba ta taɓa shiga ba, kuma ta ce ba za ta shiga ba, ita ba ta ga dalilin da za ta zauna a duhu ana marin ɗanta tana kallo ba. Ko da yakan zo gida lokacin bikin kaka, da mota da mutane a bayansa, sai ta ce wa Mal-sun baƙon nan yana da kirki, amma ba ta san me za ta ce masa ba.

Haka abin ya zama al'ada. Duk fim ɗin Gi-nam da ya zo, tsohuwa za ta zo, ta kare ido, ta girgiza kai, Man-bok ya koma gida da kifi. Gil-ja kan karɓa tana dariya.

"Baban Yeong-mi, an sake kayar da kai ke nan? To madalla. Ka ci gaba da kuskure, miyarmu na gyaruwa."

Shi dai ba ya dariya. Ya gwada komai. Ya sassauta idanu, ya rage inuwa, har kunnen Mal-sun ya taɓa arowa ya liƙa wa wani ɗan sanda da Gi-nam ya fito a matsayinsa. A banza.

Shekarar da Gi-nam ya ciyo babbar kyauta a Turai, garin kamar zai tsage. Uba ya fito wanda 'yarsa ta ɓace a tashar jirgin ƙasa, ya ƙare rayuwarsa yana zaune a benci ɗaya yana duba fuskar duk wadda ta sauko. An ce da aka gama nuna shi a can, Turawan da ba su jin ko kalma ɗaya ta yaren fim ɗin sun miƙe tsaye suna tafi suna share hawaye, har hannu ya yi ja. Man-bok ya zuba duk abin da ya sani a allon nan. Mutane suka riƙa zuwa daga wasu garuruwa don su tsaya a ƙarƙashinsa kawai. Masu keke na karo da juna.

Tsohuwa ta zo a kan sanda, Mal-sun na riƙe da ita. Wannan karon ta fi daɗewa tana kallo.

"Wayyo, wannan bawan Allah," in ji ta. "Ko ɗan wa ne, a ba shi abinci." Ta miƙo kifi.

Da sanyin shekarar nan ta rasu. Man-bok ya je ya rusuna a gaban hotonta, ya dawo gida bai taɓa jin ta ce ya zana ɗanta ba.

Sana'ar ma ba ta daɗe ba. Injin buga hoto ya zo, yana fitar da fuska cikin ɗan lokaci, sumul, babu warin komai. Aka rushe gidan siliman aka yi wurin ajiye motoci. Man-bok ya koma rubuta sunaye a jikin jiragen masunta da allunan gidajen abinci. Gashi ya yi fari, hannu ya fara rawa idan bai jingina shi da sanda ba. Amma duk fim ɗin Gi-nam da ya fito sai ya je ya gani, ya fito yana zana fuskar da yatsa a kan cinyarsa.

Wata rana da hantsi, lokacin kaka, yana rumfa yana wanke buroshi, ya ji Gil-ja a ƙofar gida tana sallamar wani.

"In maganin ciwon gwiwa ne mun saya, bai yi ba. In wa'azi ne maigidan kurma ne."

"Mai fenti nake nema, Uwargida."

Buroshin ya suɓuce daga hannun Man-bok. Wannan muryar ya san ta a bakin sarki, ya san ta a bakin mahauci. Ya fito yana goge hannu a wando, ya ga wani ramammen tsoho da hular sanyi, riga ta yi masa yawa. Ya rusuna har hularsa ta faɗi. Gil-ja ta dubi mijinta, ta dubi baƙon, ta toshe baki da hannu biyu ta yi kicin a guje.

Gi-nam bai yi kwana-kwana ba. Likitoci sun gaya masa da wuya ya ga narkewar ƙanƙara a ƙarshen sanyin bana. Hoton da za a ɗora a makokinsa yake so, wanda kuma za a riƙa fitowa da shi duk shekara idan an jera wa mamaci abinci.

"Ranka ya daɗe," in ji Man-bok, "ai babu wanda ya kai ka hotuna a ƙasar nan."

"Na zube su duka a ƙasa, ni da 'yata, mun duba. Wannan sarki, wannan ɗan sanda, wannan wani mai karɓar kyauta da murmushin aro. Ka gane? In suka ɗora sarki, sarki ne zai zo ya cinye mini shinkafata duk shekara, ni ina waje da yunwa." Ya yi 'yar dariya, tari ya katse ta. "Kuma can inda za ni, Inna na nan. Ka san halinta."

"Na sani. Ban taɓa cin jarrabawarta ba."

"Ta gaya mini. Ta ce akwai wani mai fenti mai taurin kai, kullum yana faɗuwa, kullum yana sake hawa tsani. Shi ya sa na zo."

Man-bok ya dubi hannunsa. Abin da ya gagare shi da ƙuruciya da lafiyar hannu, shi aka kawo masa yanzu, kuma babu damar sakewa.

Gi-nam ya sauka a gidan Mal-sun, kullum da safe ya zo ya zauna a kujerar rumfa. Abin da Man-bok ya gani a kwanakin nan bai taɓa iya ba da labarinsa daidai ba. Mutum na zaune shiru, hannu a gwiwa. Da zarar an ɗaga ido an dube shi, sai wani ya fito. Kafaɗa ta ɗan tashi, ga sarki. Ya yi ajiyar zuciya, ga uban nan na tashar jirgi, har ka ji kamar ka waiwaya ka duba ko 'yar ta sauko. Ba kwalliya, ba fitila, tazarar taku biyu tsakaninsu. Mutanen da Man-bok ya yi rayuwarsa yana zanawa suna ta wucewa a gabansa ɗaya bayan ɗaya, shi kuwa gawayi a hannu, baki buɗe, ya manta abin da ya zaunar da shi.

"Ranka ya daɗe, don girmanka ka daina wasa."

"Ban yi komai ba fa."

"To wancan da ya leƙo yanzu wane ne?"

Gi-nam ya shafa fuskarsa da tafin hannu. "Tun ina saurayi haka nake. Ido na sauka a kaina, wani zai riga ni fitowa. Ban san yadda ake hana su ba."

Takardu suka taru a kwandon shara. Gi-nam kuma kullum sai ya fi jiya ramewa, har ya zama sai an riƙe shi zai hau matakalar rumfar. Man-bok ya daina cin abincin kirki. Gil-ja ta duba ta ga tsofaffi biyu za su mutu mata a rumfa, sai wata rana da azahar ta shigo da ɗan teburi, da kifin nan mai hawa hanci da mutanen Mokpo ke taƙama da shi, da kimchi, kabejin nan da ake tsimawa da barkono, da butar giyar shinkafa.

"Ku ci. Fuska dai ba a zana ta da yunwa."

Suka zauna a ƙasa. Man-bok ya kai hannu zai ɗauki buta ya zuba wa babban baƙo, sai Gi-nam ya tare shi.

"Tsaya tukuna. Wace shekara aka haife ka?"

"Shekarar doki, ranka ya daɗe."

"Kai! Ni shekarar tunkiya ne, wadda ke bin ta doki. Ashe duk kwanakin nan Yayana nake bari yana rusuna mini? Da Inna na nan da na sha muciya." Ya karɓe butar da hannu biyu, ya gyara zama a kan gwiwoyinsa. "Yaya, karɓi."

Man-bok ya rasa inda zai sa kansa. Ya ce haba, ya ce ina shi ina, amma shekara shekara ce, ko sarki bai isa ya tsallake ta ba. Ya karɓa ya sha. Sannan ya zuba wa ƙaninsa. Gi-nam ya tallafi ƙoƙon da hannu biyu, ya yi abin da kowane ƙarami ke yi a gaban babba: ya kau da kai gefe, ya juya wa Yayansa ƙeya, ya kare ƙoƙon da hannu, ya kurɓa.

Gefen da ya juya, nan tsohon madubin yake jingine. Shi idonsa na cikin ƙoƙo, bai lura ba.

Man-bok ya gani. Wani ɗan ƙauye ne a madubin, mai fiffiken kunne, leɓen ƙasa ya turo gaba, ido ɗaya a kanne saboda tsamin giya. Akwai ɗan tsoro a fuskar, akwai ɗan kwaɗayi, irin na wanda ya saba ci da sauri kafin a kira shi aiki. Haɓar kuwa ta tsohuwa mai kifi ce sak. Shekara da shekaru Gi-nam ne babba a duk teburin da ya zauna, shi ake juya wa ƙeya. Rabon da ya kau da kai ya sha abu ba ido a kansa, tun kafin duniya ta san sunansa.

Ya juyo, fuskar ta ɓace, wani dattijo mai fara'a ya maye gurbinta.

Man-bok ya ɗauke ido daga madubin. Ya san in ya faɗa, shi ke nan ta gudu. Ya ɗauki buta ya ɗiga masa ɗan kaɗan.

"Ƙara."

Ya juya, ya sha. Ga ta nan.

"Ƙara."

"Baban Yeong-mi!" in ji Gil-ja. "Mara lafiya ne fa! Hoton makoki aka ce ka yi, ba makokin ba!"

"Yayana ne ya ba ni, Uwargida, ina ni ina ƙi?" in ji Gi-nam, ya sake juyawa yana dariya ƙasa-ƙasa.

Da suka tashi, Man-bok ya ce masa ba sai ya sake zuwa ba. Gi-nam ya dube shi, ya gane.

"Ka gan shi?"

"Ina jin na gan shi. In na gama zan kawo ka duba."

"A'a, Yaya. Kada ka nuna mini. In na gani zan koye shi, in na koya kuma ya zama wasa."

Man-bok ya rufe kansa a rumfa, ya jingina hannunsa da sanda, ya juyo da fuskar nan ta kalli gaba. Wanda ya saba da allo mai tsayin mutum biyu, yau ga shi a kan abin da za a rungume a ƙirji. Da ya gama ya naɗe shi a ƙyalle, ya aika wa 'yar Gi-nam a Seoul. Bai sani ba ko ya dace. Wadda za ta gaya masa ta daɗe a ƙasa.

Ƙanƙara ba ta narke ba Gi-nam ya cika.

Man-bok da Gil-ja suka hau jirgin ƙasa zuwa Seoul. Layin masu gaisuwa ya fito har titi, manyan 'yan wasa da masu shirya fim cikin baƙaƙen kaya, ga masu ɗaukar hoto an tare su a bakin ƙofa. 'Yar ta cika alkawarin ubanta. Can a tsakiyar fararen furanni, da baƙin ƙyalle a kusurwoyinsa, ga ɗan ƙauyen nan mai fiffiken kunne yana kallon jama'a da ido ɗaya a ɗan kanne. Kowa ya zo ya kunna turare, ya rusuna sau biyu, ya ɗago, sai ka ga ya ɗan yi turus.

Suna zaune a ɗakin cin abinci Man-bok ya ji wasu a teburin baya.

"Wa ya zaɓo hoton nan? Ko kama ba su yi ba."

"An ce wani tsohon mai fenti ne daga kudu. Mutum kamar wannan, a rasa hoton da za a sa masa?"

Cokalin ya yi masa nauyi. Ya ji kunya ta rufe shi, da baƙin cikin ya tura mutum lahira da fuskar da ba tasa ba. Gil-ja ta yunƙura za ta juya ta ba su amsa, ya riƙe mata hannun riga. Ya ce su tashi su tafi.

Sun kai bakin ɗakin gaisuwa ke nan aka buɗa hanya. Mal-sun ce, ta ranƙwafa kamar lauje, jikokinta biyu na riƙe da ita, da ƙullin ƙyalle a hannunta da ta hana kowa karɓa. Ba ta rusuna ba, babba ba ya rusuna wa ƙaninsa. Ta tako har gaban furannin, ta kare ido da hannu, ta ɗaga kai. Man-bok ya san wannan tsayuwar.

Ta daɗe tana kallo. Sai ta sauke hannun daga idonta.

"Kashin Kare!"

Manyan mutane suka dubi juna.

"Kashin Kare, kai ne? Ina ka shiga, ɗan banza? Ina ka shiga duk shekarun nan? Inna ta yi ta zuwa nemanka, ta yi ta zuwa, har ƙafarta ta ƙare!" Tana faɗa tana dukan gefen teburin da tafin hannu, hawaye na bin tamojin fuskarta. "Dube shi da kunnuwa. Ko kunya ba ka ji ba."

Ta kwance ƙullin da kyar. Busasshen kifi ne, babba, irin wanda ake keɓewa daban. Ta juyo tana neman inda za ta sa shi, sai idonta ya faɗa kan Man-bok a bakin ƙofa, tsaye da hula a hannu. Ta gane shi. Shi kuwa, don sabo, har ya fara miƙo hannu biyu.

Mal-sun ta girgiza kai. Ta ajiye kifin a gaban hoton, ta gyara masa zama.

"Yau ba naka ba ne, mai fenti," in ji ta. "Mai shi ya dawo."